Kafin a cire wa yaro tonsil, a tambayi maganar jinin rana ta bakwai

Ya Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, wata magana ce take cina a rai kan aikin cire tonsil, ƙwayoyin nan biyu da suke zaune dama da hagu a ƙofar maƙogwaro, waɗanda in suka kumbura sai kaga yaro ko miyau ya kasa haɗiyewa, ga zazzaɓi ga minshari da daddare kaman wani babban mutum. Ni nas ce kuma a ɗakin tiyata na yi yawancin aikina, to kwanan nan duk guruf ɗin iyaye mata da na leƙa a WhatsApp sai na tarar da zance ɗaya, wai yanzu an kawo injin zamani da ake cire tonsil da shi ba jini ko ɗigo, wai wuƙa da almakashi aikin da ne, duk likitan da ya ce da ƙarfe zai yi to ka ɗauki ɗanka ka kama gabanka. Wasu ma duk injin da aka jona da wuta a wajensu leza ne, wato injin da yake yanka da haske. Iyaye suna ta ƙara kuɗi suna neman inji, kuma ni ban ga laifinsu ba, wa yake so yaga jinin ɗansa? Sai dai rabin maganar aka gaya musu, ɗaya rabin kuma shi ne mai haɗarin.

Jinin aikin tonsil iri biyu ne a wajen ma'aikata. Akwai wanda yake zuwa cikin awa 24 na farko, wannan da sauƙi dan yawanci yaro yana hannunmu ko bai yi nisa ba, ga likita ga tiyata a buɗe. Na biyun shi ne mai zuwa daga baya, ya fi yawa tsakanin rana ta 5 zuwa ta 10, yana iya kaiwa har sati biyu, lokacin da ɓawon da ya rufe mikin ya fara ɓallewa. A lokacin nan an sallami yaro tuni, ƴan dubiya sun gama zuwa, uwa ta saki jiki ta koma harkokinta, wataƙila ma an koma ƙauye. To duk wanda zai kwatanta maka hanyoyin cire tonsil bai kawo maganar wannan jinin na biyu ba, wallahi bai gaya maka komai ba tukuna.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce ta ƙarfe zalla. Bayan an ba yaro maganin barci an sa masa bututun numfashi, sai a sa wani ƙarfe ya riƙe bakin a buɗe ya danne harshe, likita ya kama tonsil ɗin ya jawo shi tsakiya, ya ɗan tsaga fatar sama, sannan ya bi a hankali yana raba shi da naman da yake manne da shi har ya fita, sai a cusa auduga a ramin a danne na ɗan lokaci, jijiyar da ta ƙi tsayawa a kama ta a ɗaure da zare. Ni da nake tsayawa a gefe riƙe da robar zuƙe jini zan faɗa maka gaskiya, wannan hanyar ita ta fi ɓata wuri, jini yana taruwa a kwalbar injin zuƙa, ana ta canza auduga ana ƙirgawa kar a manta ɗaya a ciki, kuma ta fi cin lokaci. Sai hanyar wuta da ake ce wa dayatami, ita kuma lantarki ne yake yankawa yana ƙona bakin jijiya a lokaci guda, akwai mai baki ɗaya da ake manna wa mara lafiya faranti a cinya, akwai mai baki biyu da wutar take wucewa tsakanin bakunan kawai. Zafinta yana wuce digiri 400, har ƙaurin nama zaka ji a ɗakin, amma aiki tsaf, cikin ɗan lokaci an gama, kwalba kusan wayam. Sai kobleshan, wanda nake ganin shi ne injin da ake ta yayatawa, shi da ruwan gishiri yake aiki yana narkar da naman a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 70 ba. Akwai leza ɗin ta gaske da wata wuƙa mai aiki da girgiza, amma su ba su yaɗu kaman waɗancan ukun ba.

Abin da ya faru a Ingila ya kamata kowa ya ji shi. A farkon 2001 saboda tsoron ciwon haukan shanu, wanda ƙwayarsa take iya maƙalewa a tonsil kuma tafasa kayan aiki ba ya kashe ta, gwamnatinsu ta ce a koma amfani da kayan tiyata na yi-ka-yar. Ba a rufa shekara ba aka fara kukan zubar jini ya ƙaru, kafin ƙarshen 2001 ɗin aka janye dokar. Wannan rikicin ne ya sa suka zauna suka yi ƙidaya ta ƙasa baki ɗaya daga 2003 zuwa 2004, a Ingila da Ireland ta Arewa, suka bi sawun mutum sama da 40,000 da aka cire wa tonsil, kowanne aka rubuta da wace hanya aka yi masa da abin da ya biyo baya. Gaba ɗaya kusan mutum 3 da rabi cikin 100 ne suka yi jini bayan aiki, kusan 1 cikin 100 kuma sai da aka mayar da shi tiyata. Amma da aka raba su bisa hanya sai abin mamaki ya fito, sakamakon farko da mujallar Lancet ta buga a 2004 ya nuna waɗanda aka yi wa da dayatami mai baki biyu ko da kobleshan, jininsu ya kai kusan ninki uku na waɗanda aka yi wa da ƙarfe zalla aka ɗaure da zare. Waɗanda aka cire musu da ƙarfe amma aka tsayar da jinin da wuta su kuma suka faɗo tsakiya, kusan ninki biyu. Kaga kenan hanyar nan da ake rainawa ana cewa ta zamanin da ce, ita ta zo da mafi ƙarancin jini bayan an koma gida. A shekarar ne ma hukumarsu ta NICE mai tsara ƙa'idojin aikin lafiya ta fitar da gargaɗi ga likitoci kan su rage hannu da wutar.

Kuma dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Ƙuna tana shiga ƙasa fiye da inda ido yake gani, naman da ya ƙone mutuwa yake yi, jiki kuma sai ya zubar da shi, to ranar da zai ɓalle in akwai jijiya a ƙarƙashinsa da wuta ce kawai ta liƙe bakinta, shikenan sai ta buɗe. Jijiyoyin wajen kuwa ba na wasa ba ne, rassa ne da suka taso daga babbar jijiyar wuya, kuma wuri ne da ba a iya naɗe shi da bandeji, kullum a jiƙe yake, ana haɗiya ana magana ana tari a kansa.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya je ya tsare likita yana cewa shi lallai ƙarfe. Maganar ba ta kai nan ba. Ƙidayar Ingilan ta kwana biyu, lokacin kobleshan sabo ne hannun likitoci bai faɗa da shi ba, kuma da masanan Cochrane, ƙungiyar da take tace binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kansa a 2017, cewa suka yi hujjojin ba su da ƙarfi, bambancin zafin ciwo kaɗan ne, jinin baya kuma yana iya ɗan fi yawa amma ba a yanke ba. Sannan ƙarfe zalla yana da nasa, yaro ƙarami mai ƙarancin jini, irin namu da maleriya ta sha tsotsewa, abin da zai zubar a kan tebur ma abin lissafi ne. Ni a abin da idona ya gani, hannun mai yin aikin ya fi sunan injin muhimmanci, likitan da ya saba da dayatami yana taɓawa kaɗan kaɗan da wuta ƙasa ƙasa ya fi wanda aka kawo masa sabon inji jiya yana koyo a bakin ɗanka. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki tsabtar ɗakin tiyata a sayar wa iyaye ita a matsayin ba haɗari.

In ana neman abin da ya rage jini da gaske, to ba a kan wuta ko ƙarfe yake ba sosai, yana kan nawa ake cirewa. Tonsil yana zaune ne cikin wata siririyar fata da ta raba shi da naman maƙogwaro, manyan jijiyoyin suna bayan fatar nan. To akwai aikin da ake cire kusan duka a bar ɗan kaɗan manne da fatar, kaman a kwashe tuwo a bar ƙanzo a gindin tukunya, ba a taɓa naman baya ba balle a buɗe manyan jijiyoyi. Da kobleshan ɗin ma ake yinsa ko da wani inji mai aske naman, kaga inji ɗaya ne amma aiki biyu daban, shi ya sa jin an ce maka da inji za a yi bai isa ba. Wannan hanyar jininta na baya ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, zafin ya fi sauƙi, yaro ya fi saurin komawa cin abinci. Illarta ɗan abin da aka bari yana iya sake tohowa, ƙalilan daga cikin yaran sai an sake musu aiki. Ta fi dacewa da yaran da matsalarsu girman tonsil ce, masu minshari da numfashi yana ɗaukewa cikin barci. A Ostiriya sai da yara 5 ƴan ƙasa da shekara 6 suka rasu sakamakon jini bayan cire tonsil tsakanin 2006 da 2007, sannan likitocin kunne da hanci da maƙogwaro da na yara suka haɗu suka tsaurara sharaɗin cirewa duka ga ƙananan yara, aka karkata ga ragewa. Suwidin ma sun daɗe a kan haka, kuma suna da rajistar ƙasa da ake shigar da aikin tonsil ana bin sakamakonsa. Ka duba fa, ƙasashe ne da in ka buga waya motar asibiti tana ƙofar gidanka cikin mintoci.

To mu fa? Nan ne inda nake so mu tsaya. Kashi 3 cikin 100 a Landan da kashi 3 cikin 100 a ƙauyen da yake awa biyu daga titin kwalta ba abu ɗaya ba ne. Sau da yawa cikin dare ake ankara da jinin nan, a lokacin da ba mota, hanyar ma wata ba a binta bayan magariba, in an samu an iso asibitin kusa ba lallai a samu mai ba da maganin barci ba, jinin ƙari kuma sai an tashi ƴan uwa an gwada su. Na taɓa karɓar wani yaro da bai wuce shekara bakwai ba wajen ƙarfe biyun dare, kwana takwas da yi masa aiki a wani wuri, babarsa ta ce ɗan ɗigo kawai ta gani a matashi da yamma ya tsaya sai ta bar shi, amma ka kalle shi leɓe fari fat, tafin hannu sanyi, maƙogwaro yana ta motsi yana haɗiya ba tsayawa alhali ba abin da yake ci. Muna kwantar da shi ya kelaya amai baƙi ƙirin da guda-guda cike da kwano. Duk awannin nan jinin ciki yake tafiya. Yaro mai kilo 20 duk jinin jikinsa bai fi lita ɗaya da rabi ba, to ka lissafa. Kuma sa irin wannan yaron barci karo na biyu shi ne abin da duk mai ba da maganin barci yake tsoro, ciki cike da jini, maƙogwaro ba a ganin hanya. Allah Ya taimaka ya tashi, amma da an kawo shi tun ɗigon yamma da ba a kai ga haka ba.

Saboda haka ƴan uwana iyaye, duk jini ja da ya fito daga baki ko hanci bayan wannan aikin, komai ƙanƙantarsa, ko ya tsaya, asibiti za a tafi, kuma asibitin da ake tiyata ba kemis ba, dan ƙaramin yakan zo ne gaban babban. A zaunar da yaro ya sunkuyo gaba ya tofar, kar a kwantar da shi rigingine, kar a ba shi abinci a hanya. Shi kuwa farin abin nan da zaku gani ya rufe ramukan biyu ba mugunya ba ce, haka wajen yake warkewa, dan Allah kar a sa tsumma ko yatsa a ce za a goge, na ga kakar da ta yi haka da kyakkyawar niyya. Warin baki da ciwon kunne suma sukan zo, kunnen lafiyarsa ƙalau, jijiyar jin ciwo ce ɗaya ta haɗa su. Ruwa kuma a dage da shi ko yaro yana kuka, musamman in da zafi aka yi aikin, maƙogwaro in ya bushe ciwo ƙaruwa yake sai yaro ya ƙi sha sai ya ƙara bushewa. Kunu da koko a bari su huce, yaji a ɗaga masa ƙafa, zoɓo ma a haƙura da shi sati biyun nan, ga tsami ga shi in yaro ya yi amai ba zaki gane jini ba ne ko zoɓo.

Magani kuwa parasitamol da ibufurofen su ake bayarwa, a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba. Asfirin haramiyarsa ne dan yana hana jini daskarewa, kuma a lura, garin Alabukun da manya suke afawa in kai ya sara akwai asfirin a cikinsa, babban da aka yi wa aikin nan ya kiyaye. Kodin kuma tun 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani kan ba yara shi bayan cire tonsil, saboda wasu yaran jikinsu yana juya shi ya zama mofin, wani maganin ciwo mai ƙarfin gaske, da sauri har numfashi ya tsaya cikin barci. Tunda na ambaci manya, su fa sun fi yara yin jinin baya, kuma wanda aka cire wa saboda yawan ciwon maƙogwaro ya fi wanda aka cire wa saboda minshari, dan tabon tsohon ciwo yana manne tonsil ɗin da nama. Magidanci ya ɗauki hutun sati biyu na gaske, ba ya kwana uku ya hau babur ya tafi kasuwa ba.

Kafin ma a kai ga zaɓen hanya, a fara tambaya ko aikin ya zama dole. Ma'aunin da likitoci suke bi, wanda ya samo asali daga binciken Dakta Jack Paradise a Pittsburgh ta Amurka da aka buga a 1984, shi ne ciwon maƙogwaro mai ƙarfi sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 kowace shekara har shekara biyu, ko sau 3 kowace shekara har shekara uku, ko kuma toshewar numfashi cikin barci. Yara da yawa in aka yi haƙuri abin yana lafawa da kansa in sun tasa. Masu sikila kam nasu daban ne, tonsil ɗinsu yakan girma ya dame su da minshari kuma aikin yana musu amfani, amma sai an shirya, a duba jini wataƙila a ƙara kafin a shiga, a kiyaye ruwa, a yi a babban asibiti. Wanda kuma ya san a gidansu akwai mai zubar jini in an yi kaciya ko an cire haƙori, ko mai yawan haɓo, ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

Ba zan tsallake maganar wanzamai ba, da girmamawa, dan iyayenmu ne kuma sana'ar gado ce. Beli daban tonsil daban. Yaro yana fama da tonsil sai a kai shi a yanke masa beli, ciwon yana nan inda yake, an ƙara masa sabon miki a wajen da ba a iya dannewa, ga haɗarin jini ga tetanas ga cutar da aska take ɗaukowa daga wani bakin. In likita da fitila da injin zuƙa da zaren ɗauri yana kaffa-kaffa da wurin nan, to a zaure fa?

Tambayoyin da zan so uba ko uwa su yi wa likita ba su da yawa, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba. Duka za a cire ko ragewa za a yi, kuma me ya sa? Wace hanya hannunka ya fi sabawa da ita? In jini ya zo ƙarfe biyun dare rana ta bakwai ina zan nufa, wa zan kira, akwai jini a ajiye? Wanda ya zo daga nesa kuma ya nemi gidan ɗan uwa a cikin gari ya zauna har sati biyu su cika, kuɗin da za a ƙara dan inji gara a kashe shi a wannan zaman.

Su kuma manyanmu na wannan fanni, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, roƙona su haɗa kai su buɗe rajista ɗaya irin ta Suwidin, duk wanda aka cire wa tonsil a rubuta hanyar da aka bi da lambar wayar gidansu, rana ta 14 wata nas ta kira ta tambaya ko an ga jini, dan yaron da ya yi jini a ƙauye aka kai shi wani asibitin daban, wanda ya yi masa aikin ba zai taɓa ji ba in ba an kira ba. Littafi ɗaya ne da katin waya, kuma mu nas-nas in aka ba mu aikin za mu yi.

Na gode Edita, Allah Ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Taku,
Wata nas ta ɗakin tiyata, daga Kano